Rakiyar Mai Raga

Dokoki uku likita ya kafa wa Baba bayan an gama aikin ido: kada ya sunkuya, kada ya murza idon, kada ruwa ya taɓa shi. Ni ce tafinta, don haka ni na juya masa su da Hausa. Baba yana zaune a bakin gado, an manna masa wani murfin roba mai huji-huji a idon dama, ya saurara har ƙarshe kamar wanda ake karanta wa hukunci.

"Uwata, tambaye shi, hawaye fa?"

Na tambaya. Likita ya yi dariya, ya ce hawaye ɗan gida ne, baƙon ruwa yake tsoro. Ya ƙara da cewa mu zauna a garin har ɗinkin ya kama, mu riƙa zuwa yana dubawa.

Wannan idon shi kaɗai ya rage wa Baba. Na hagun ya tafi tun ba a haife ni ba, ranar da igiyar wani bijimi ta tsinke ta fyaɗe shi. Da na daman ya fara dusashewa, asibitin garinmu suka ce aikin ya fi ƙarfinsu, suka kwatanta mana wani asibiti a wata ƙasa, a wani gari na bakin teku. Yaya yana da shago da 'ya'ya, ni kuwa keken ɗinki gare ni, shi kuma idan ka lulluɓe shi da zane ba ya kuka. Ga shi na ɗan tsinci yaren makaranta, wanda mutanen can suke ji sama-sama. Haka tafiyar ta faɗo kaina ba tare da an shawarce ni ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwata, amma ban taɓa ganin uwar da ɗanta ya raina maganarta kamar ni ba.

Sana'ar Baba saukar baƙi ce. Fatake masu kawo dabbobi kasuwa a zaurenmu suke kwana, tun ina yarinya ban taɓa ganin zauren nan ba takalman wasu a ƙofarsa ba. Shi ma yana da nasa dokokin. Baƙo ba ya tashi da ƙoƙo a gabansa bai shanye ba. Ba a karɓar kyauta a mayar da hannu wofi. Babbar cikinsu ita ce rakiya: ba a tsayawa a bakin ƙofa, sai an taka da mutum har ya sha kwana. Yakan ce wanda ya raka baƙo da ido korarsa ya yi. Shi kansa kuwa bai taɓa kwana a gidan wani ba. Tun da idon ya fara ciwo ya ƙara doka ɗaya, ya hana a ambaci kalmar makaho a inda yake. Ya ce ranar da aka ja shi da sanda, a wuce da shi maƙabarta kawai, kada a wahalar da kowa.

Wata nas ce ta haɗa mu da matar da ke ba da hayar ɗaki a ƙarshen gari. Gidan ƙarami ne, ƙofar gabansa tana kallon titi, ta bayansa tana buɗewa kan baranda, daga baranda sai yashi, daga yashi sai ruwa. Ɗakinmu yana da gadajen ƙarfe biyu, da fankar da ke gyaɗa kai kamar tsohon da ke gyangyaɗi, da taga mai sandunan da tsatsa ta cinye. A garin nan komai tsatsa yake yi, mabuɗi, famfo, har allurar da na taho da ita. Wanki ba ya bushewa sosai, kullum ka sa riga sai ka ji kamar wani ya riga ka sa ta.

Matar gidan gajeriya ce mai kauri, ba ta tafiya sai da ɗan gudu. Baba ya ji takunta ya raɗa mata Gwaggo Sauri. Da safe za ta dire mana shayi da burodi, kafin Baba ya haɗa godiyarsa ta kai kicin. Da rana kifi da shinkafa. Ta kawo wa Baba kujera mai jingina don ya yi sallah a zaune, ta ɗaura igiya daga ƙofar ɗakinmu zuwa banɗaki don ya riƙa bi, ba wanda ya roƙe ta. Igiyar nan Baba bai taɓa ta ba ko sau ɗaya, gara ya yi karo da bango.

Alherin matar ya dame shi. Ya sa na kai mata dabinon da muka taho da shi, ta aiko masa da tawul sabo. Ya aika mata da kwalbar turarensa, ta aiko da silifas da matashin kai. Ya zauna yana juya silifas ɗin a hannu, ransa a ɓace.

"Matar nan so take ta kashe ni da kunya," ya ce. "Me ya rage a jakar?"

"Wandunanka."

"Ke kam bakinki ya fi almakashinki kaifi."

Washegarin zuwanmu na leƙa ta taga na ga babu teku. Jiya ruwa yana lasar gindin baranda, yau sai yashi jiƙaƙƙe shimfiɗe har can nesa, kwale-kwale sun kwanta a gefe guda kamar shanun da suka ƙoshi. Daga can tsallake akwai wani ɗan tsibiri na duwatsu mai 'yan gidaje, mutane suna ta takowa daga can da ƙafa, har da mai tura baro. Na tambayi Gwaggo Sauri, ta tsaya, abin da ba ta cika yi ba. Ta ce ruwan yana tafiya yana dawowa kullum, amma ba ya riƙe lokaci, na yau daban na gobe daban. Ta ce kuma ba ta gaba yake zuwa ba kamar mai gaskiya, kwarin da ke bayanka yake fara cikawa, kafin ka waiwaya ya rufe maka hanya. Na kwashe duka na gaya wa Baba.

"Au, ruwan nasu akuya ce, ya tafi kiwo ya dawo?" ya ce. "Mu dai kogin da muka sani, da damina ya kawo, da rani ya janye. Kuma ba ya zuwa bai yi sallama ba."

Ya gyaɗa kai irin yadda ya gyaɗa wa likita, na san maganar ta shiga ta nan ta fita ta can.

Cikin masu takowa daga tsibirin akwai wan Gwaggo Sauri. Dogon tsoho ne, busasshe, da baƙin tabarau wanda aka ɗaure hannunsa ɗaya da zare, da sanda mai ƙarfe a ƙasa, da ƙunshin ragar kamun kifi a kafaɗa. Kullum ruwa ya janye sai ya zo ya zauna a inuwar barandar ƙanwarsa yana gyaran ragar masunta, kafin ruwa ya dawo ya koma gida. Baba ya sa masa Mai Raga.

Ni tela ce, hannun mai aiki nake fara kallo. Yatsun mutumin suna bin ragar su tsaya daidai inda ta yage, su ƙulla, su wuce, amma ko sau ɗaya bai dubi abin da yake yi ba. Fuskarsa a ɗage take, kamar mai sauraron rediyon maƙwabta. Na bi Gwaggo kicin na tambaye ta.

"Tun yana da ƙarfinsa idon ya tafi," ta ce tana kankare kifi. "Kada ki ji tausayinsa, ba ya so. Ƙafarsa ta fi idona sanin yashin nan."

Ban kai wa Baba wannan labarin ba, tun da kalmar haramtacciya ce a wurinsa. Shi kuma ta hujin murfin inuwar mutum kawai yake gani.

Ba su da yare ɗaya, amma ba su nemi tafinta ba. Baba zai ba shi labarin wata shekara da shanu suka yi arha har ana roƙon mutum ya saya, Mai Raga ya saurara, sannan ya mayar masa da nasa dogon labarin da yarensu. Suna dariya kusan a inda ya kamata. Baba yana riƙe masa bakin ragar da babban ɗan yatsan ƙafa, tun da an hana shi sunkuyawa. Ba a jima ba Baba ya mayar da barandar nan zaurensa. Ya sa na sayo fulas da kofuna biyu, shi ke zuba shayi, shi ke cewa bismillah. A gidan ƙanwar mutum, Baba ya mayar da mutum baƙonsa.

Idon kuma yana ta dawowa. Wata safiya ya ce, "Uwata, ƙofar nan shuɗiya ce?" Na ce shuɗiya ce. Wata rana ya nuna kwale-kwale da yatsa, ya faɗi daidai. Ya ce mayafina yana da ɗigo-ɗigo, kuma bai yi mini kyau ba. Na ji daɗi ƙwarai ran nan, har na kira Yaya na gaya masa. Likita ma ya leƙa da fitilarsa ya ce saura ƙiris, mu dai ci gaba da ɗiga magani, mu kiyaye ruwa.

Abu ɗaya ne yake ci wa Baba tuwo a ƙwarya. Idan Mai Raga ya naɗe ragarsa ya sauka kan yashi, Baba yakan yunƙura, ni kuma in dafa kafaɗarsa.

"Likita ya ce ka zauna."

"Likita ya ce kada in sunkuya, bai ce kada in yi mutunci ba. Mutum ya zo ya ɗebe mini kewa, ya tashi ya tafi shi kaɗai kamar ɓarawo, ina zaune kamar randa. Idan aka ji wannan a gida me za a ce?"

"Wa zai kai labarin?"

"Ni na sani, ai ya isa."

Ran da abin ya faru, maganin ɗigawa ne ya ƙare. Kemis ɗin unguwar ba su da irinsa, suka tura ni wani a ɗaya gefen gari. Gwaggo Sauri tana kasuwa. Bayan azahar na bar su a baranda, ragar tana ƙafar Baba, na ja masa kunne, ya ce in je Allah ya tsare.

Abin da ya biyo baya maƙwabciyarmu mai shanya kifi ce ta ba ni labari, rabi da baki rabi da hannu. Ta ce da iska ta juya Mai Raga ya miƙe, don shi da iska yake gane ruwa ya kusa. Baba ya kama wuyan hannunsa ya zaunar da shi, ya cika masa kofi. Ya shanye ya miƙe, Baba ya sake cikawa. Mutumin ya yi ta nuna teku yana magana, Baba yana cewa bismillah. Da ƙyar ya samu ya sauka. Baba ya shiga ɗaki ya zura babbar riga, ya kafa hula, ya bi bayansa.

Sun yi nisa Mai Raga ya ji taku a bayansa. Ya tsaya, ya juyo, ya kama hannun Baba ya dawo da shi har baranda, ya bubbuga kujera alamar ya zauna, ya juya ya tafi. Baba ya bari ya ɗan yi gaba, ya sake bin sa. Mai Raga ya sake dawo da shi. Shi a wurinsa ba a barin mara lafiya baƙon gari ya koma shi kaɗai, Baba kuma a wurinsa wanda ya rako ka gida ya zama baƙonka sabo, dole a taka masa. Matar ta ce ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ita har ta ajiye aikinta tana dariya. Ta ce dariyar ta tsaya ne da ta ga kwarin da ke kusa da gidajenmu ya fara ƙyalli.

Ni na iso da leda a hannu na tarar da baranda babu kowa, kofuna biyu a ƙasa. Da na ɗaga kai na hango su. Kwarin da ke gabanmu ya cika, yana gudu kamar kogi a tsakiyar damina. Su biyun suna can kan wani tudun yashi a tsakiya, tudun yana ƙanƙancewa ina kallo. Na ƙwala wa Baba kira, iska ta dawo mini da muryata. Maƙwabciyar ta ruga neman mai kwale-kwale. Haushi ne ya fara zo mini, tsoro ya biyo baya.

Mai Raga ya tsaya cik, fuska a sama. Ya yar da ƙunshin ragar, ya tuɓe takalmi, ya murza yashi da tafin ƙafa. Sannan ya kama hannun Baba na hagu ya ɗora a kafaɗarsa. Na ga Baba ya cire hula ya danne ta kan murfin idon da hannun dama. Suka shiga ruwa. Ba su miƙe sosai ba, suka yi wani zagaye, sandar tana gaba tana tambayar ƙasa, suna nufin tsibirin. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya, ya kai ƙugu. Babbar rigar ta baje a kan ruwa tana jan Baba baya, shi kuma yana jan wanda ke gabansa.

Sun kusa duwatsun wata igiyar ruwa ta taso ta gefe. Ƙafar Mai Raga ta zame, ya nutse gaba ɗaya. Daga inda nake na ga hannun Baba ya bar fuskarsa. Ya sunkuya ya kai hannu biyu cikin ruwan, wata igiyar ta zo ta rufe su duka. Hular ce ta fara tasowa, tana ta juyi. Can suka ɓullo, Baba yana riƙe da wuyan rigar mutumin kamar mai ciro maraƙi daga taɓo, shi kuma bai saki sandarsa ba. Mazan tsibirin suka shigo suka janye su.

Ban yi kuka ba. Na dubi ledar da ke hannuna, na tuna nisan da na yi kafin in samo maganin.

Dab da magariba aka samu mai kwale-kwale ya ƙetarar da ni da Gwaggo Sauri, wadda tun daga kasuwa take faɗa ba ta tsaya ba. Gidan Mai Raga ɗaki ɗaya ne, an danne kwanon rufinsa da duwatsu. Ciki tsaf, kowane abu da ƙusarsa a bango. Baba yana zaune kan kujera ɗaya tilo da ke ɗakin, sanye da rigar sanyin masunta da wani zane, kofi yana tururi a hannunsa. Mai gidan yana zaune a ƙasa yana goge masa ƙafafu da tsumma. Murfin roban babu shi. Idon ya yi ja, ga yashi a gashinsa.

"Uwata ce? Shigo ki zauna, an sauke mu."

"Baba, idon."

"Na sani. Yana yaji."

"Me ya sa ka saki?"

"Hannu biyu Allah ya ba ni, mutumin kuma ya fi ƙarfin ɗaya."

Daga nan asibiti muka wuce. Likita bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Ya ce ɗinkin ya buɗe, yashi da ruwa mai datti sun shiga. Suka wanke, suka sake ɗinkewa, suka yi ta allurai. Aka kwantar da Baba na 'yan kwanaki. Gwaggo tana kawo abinci safe da yamma, har da na matar da ke jinyar mijinta a gadon kusa da mu. Yaya ya kira ni yana cewa ke kina ina aka yi haka, na ce ina kemis, na miƙa wa Baba wayar. Ya ce masa, "Baƙo na raka," ya miƙo mini.

Ranar da aka kwance bandejin, likita ya daɗe yana haska fitila. Sannan ya zauna, ya yi magana a hankali. Ya ce idon zai riƙa bambance dare da rana, ba zai wuce nan ba. Na tsaya ina neman kalmomi masu laushi.

"Kada ki yi mini kwana-kwana," Baba ya ce. "Na ji muryarsa."

Na faɗa masa yadda aka faɗa mini. Ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya ce in yi wa likita godiya, ya yi iya yinsa.

Da muka koma gidan Gwaggo, Baba ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Ba ya fita baranda. Ya ci kaɗan, ya yi sallah, ya koma ya kwanta. Idan zai je banɗaki sai ya jira na fita, in dawo in tarar ya ƙuje goshi. Mai Raga bai fasa zuwa ba. Ta taga nake ganinsa yana aikinsa, ya maƙala bakin ragar a ƙafar kujerar da Baba yake zama. Gwaggo Sauri ta daina gudu idan ta zo wucewa ta ƙofarmu. Ni kuma na karɓi tsofaffin labulenta ina yi musu kalmasa da hannu, don in samu abin kallo ban da bayan Baba.

Wata la'asar, bai juyo ba, ya ce, "Ni na ja wa bawan Allahn nan. Da ban tsare shi da shayi ba da tuni ya kai gida."

Na ci gaba da ɗinkina, don gaskiya ya faɗa.

"Amma mutumin akwai ido. Kin ga yadda ya bi da mu? Duk inda rami yake yana hango shi ta cikin ruwa. Irin wannan idon shi ne arziki."

Na soke allura a labule.

"Baba, ba ya gani."

"Wa?"

"Mai Raga. Makaho ne."

Rabon da a faɗi kalmar nan a gabansa an yi shekaru. Fanka ta yi ta gyaɗa kai. Can ya juyo.

"Tun yaushe?"

"Gwaggo ta ce tun yana da ƙarfinsa."

"Wa yake kawo shi?"

"Shi yake kawo kansa."

"Ragar fa?"

"Da hannu yake gani."

"Wa yake jan sa idan zai koma?"

"Ba kowa, Baba. Kai ne ka fara gwadawa."

Ya kau da kai, na ɗauka na ɓata masa rai. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya ce, irin wadda rabon da in ji ta tun muna gida. Ya yi ta yi har hawaye suka zubo ta idon biyu, mai rai da matacce.

"Ashe makaho na yi ta rakawa," ya ce, "shi kuma yana ta mayar da ɗan'uwansa gida. Ina takalmina?"

Na kai hannu zan kama shi, ya kaɗe ni. Ya lalubi bango, hannunsa ya ci karo da igiyar Gwaggo, ya ɗan tsaya, sannan ya kama ta. Daga inda ta ƙare ya ci gaba da lalube har baranda, ya buga ƙaurinsa da benci. Mai Raga ya ji, ya ce wani abu da yarensu, ya cire bakin ragar daga ƙafar kujera ya miƙa masa.

Sauran kwanakin da muka yi muna jiran sallamar asibiti, a tsakar gidan suka yi su. Mai Raga zai damƙa wa Baba sandar, ya riƙe hannunsa ta sama, su ƙwanƙwasa bango, su ƙwanƙwasa tankin ruwa, su ƙwanƙwasa matakala, kowanne da irin amsarsa. Daga baya ya daina riƙe hannun, sai ya tsaya can gefe yana tafi, Baba ya nemo shi. Baba ya sha karo da tankin nan har Gwaggo ta ɗaura masa tsohon bargo. Yana zagin tankin da Hausa, malaminsa yana dariya da yarensu. Ni dai an hana ni sa baki.

Ranar tafiya Gwaggo Sauri ta cika mana leda da burodi da soyayyen kifi, ta rungume ni, ta ce in na ƙara barin tsohon nan shi kaɗai za ta biyo ni har ƙasarmu. Mai Raga ya ƙetaro tun da sassafe. Suka taka mana har tasha, tafiya mai ɗan nisa, ta gaban kasuwa da shagon masu walda. Baba bai ce su koma ba. Wannan ne karo na farko da aka raka shi.

A bakin mota Mai Raga ya laluba ya kamo hannun Baba, ya sa masa sandar a ciki, ya rufe yatsunsa a kai. Baba ya shiga laluben aljihu. Dabino ya ƙare, turare yana wurin Gwaggo, hula tana cikin teku. Ya kwance agogon hannunsa, ya miƙa rabin hanya, sai ya tuna makaho zai ba agogo, ya yi ɗan murmushi ya mayar da shi aljihu. Ya kama sandar da hannu biyu.

"Na gode," ya ce. Bai ƙara komai a kai ba.

Na zo zan tallafe shi ya hau, ya ce kada in riƙe shi. Ya ƙwanƙwasa matakalar motar, ya hau, ya nemi kujerar bakin taga ya zauna, sandar a tsakanin gwiwoyinsa. Direba ya tayar da mota.

"Yana nan?"

"Yana tsaye. Gwaggo ta ce ita kasuwa za ta wuce."

"Ba sanda zai koma ke nan."

"Ba sanda."

"Ya san hanya," Baba ya ce.

Ya fitar da hannu ta taga ya ɗaga. Na waiwaya na ga Mai Raga shi ma ya ɗaga nasa, yana fuskantar wata motar daban da ke ɗumama inji a gefe.

"Uwata, idan mun sha kwana ki gaya mini in sauke hannuna."

Muka sha kwana a shagon masu walda, muka wuce kasuwa, muka hau babban titi. Ban gaya masa ba sai da muka fita daga garin.